Dutsen da Gwamma Za Ta Fara Takawa

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi ba azara, ya shimfiɗa ƙasa ba daɓe ba yaɓe, ya kafa duwatsu ya ba kowanne halinsa. Bayan haka, ni ne Korau ɗan Jatau, maginin Rafin Gawo, wanda ya taka laka shekara talatin kafin ya san abin da ake kira dutse. Na ga ƙasashe, na sha ruwan kogunan da ba su da suna a bakinmu, na kuma tafka wauta a gaban mutanen da ba su san ubana ba. Mai saurare ya gyara zama, mai gardama ya riƙe abarsa sai na kai aya.

Abin da ya fitar da ni daga gida yoyo ne. Kada ku yi dariya. Duk soron da na gina, komai kyan azararsa, komai yawan makubar da na shafe shi da ita, shekara uku huɗu sai damina ta samo masa ƙofa. Ranar da abin ya kai ni bango a ɗakina ne, ruwa ya ɗigo cikin miyata ina tsakiyar cin tuwo. Matata Gwamma ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, sarkin magina." Ta je ta ɗauko ƙwarya ta tara. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Wani falke ya taɓa ba ni labarin wata ƙasa can gabas maso arewa inda ake rufin ɗaki da dutse, jika ya tsufa a ƙarƙashin rufin da kakansa ya yi. Na ce sai na gani da idona. Gwamma ta ce ba inda za ni ni kaɗai, mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba. Amma fa da sharaɗi. 'Yarmu Yalwa ita ce auta, ita kaɗai kuma Allah ya bar mana cikin shida, tana ɗakin mijinta da cikin fari wata biyu. Gwamma ta dafa kafaɗarta a gabana ta ce, "Ba wadda za ta dafa miki ruwan jego sai ni. Ko ubanki ya ga dutsen nan ko bai gani ba, watanki ba zai kama ba sai ina gida." Ni ma na ce na ji na yarda.

Wata uku cur muka yi a hanya, ba zan gajiyar da ku da duka ba. Mun ratsa ƙasar da ake gini da gishiri, katanga gishiri, rumbu gishiri, har gadon sarki. Mutanen kirki ne, amma ban taɓa ganin masu tsoron hadari irinsu ba. Ɗan gajimare ya leƙo, sai ka ga gari ya rikice ana ta lulluɓe gidaje da fatu. Na ce a raina, ashe akwai waɗanda suka fi ni shan wuyar damina. Ba mu rabu da su lafiya ba, domin Gwamma ta ɓantari kusurwar ɗakin mai masaukinmu ta jefa a miya, shi kuwa ya ɗora hannu a ka ya ce an ci masa gadon ubansa. Sai da na bar masa jakinmu ya haƙura.

Daga nan sai kogi. Masunta suka ba mu jirgin fata, suka ce mu bi ruwa kwana tara, mu sauka a hannun dama da zarar mun ji ƙugi. Mun ji ƙugin sarai, amma a lokacin muna tsakiyar gardama kan wanda ya jawo asarar jakin, kafin mu farga kogin ya kutsa cikin wani kogon dutse da mu. Duhu ya rufe, rufin kogon yana ta saukowa har sai da muka kwanta rigingine, dutse na gogar hancina. Wani tsini ya huda fatar jirgin, ruwa ya fara shigowa. Nan sana'ata ta yi mini rana. Ina da curin katsi, tokar marina da muke yaɓen soro da ita, da na ɗauko daga gida don in yi wa maginan waccan ƙasa burga, na murƙushe shi na kwaɓa da man shanun Gwamma, na toshe hujin na danne da dunduniya. Haka muka yi ta tafiya, ban san wuni ɗaya ba ne ko biyu, har ruwan ya tofar da mu cikin haske.

Jama'a, na ga gari! Kwarin Tulmas ke nan, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, babu itace ko ɗaya da ya wuce tsayin mutum. Gidajen kuwa, subhanallahi. Kowane rufi an jera masa falle-fallen dutse, wannan ya hau kan wancan kamar ɓawon kifi. An yi ruwa da safe, rana ta fito, sai sheƙi suke, wani baƙi, wani shuɗi-shuɗi, wani ja mai duhu. Na faɗa wani ɗaki ko sallama ban yi ba, na ɗaga kai ina neman tabon yoyo, na duba kusurwa huɗu, na shafa da hannu. Ƙayau! Ƙofarsu dutse, akushinsu dutse, allon da ake koya wa yaransu rubutu dutse, shi ya sa na raɗa masa suna dutsen allo. Ko kiran taro ba da ganga suke yi ba, wasu falle-falle ne a rataye, in an buga sai ka rantse tasar tagulla ce. Na tsaya baki buɗe har Gwamma ta ce in rufe kada ƙuda ya shiga.

Aka kai mu wurin shugabar matsaga dutse, wata gajeriyar tsohuwa mai suna Ishalma, hannuwanta duk tabo, yatsa ɗaya babu. Ta tsinci harshenmu a bakin wasu fatake da kogin ya taɓa jefowa, tana yinsa a karkace amma ana ganewa. Kafin in tambayi sirrin rufi, Gwamma ta riga ni.

"Inna, ta ina ake fita garin nan?"

"Ta inda kuka shigo ba a komawa," in ji tsohuwar. "Mafita ɗaya ce. Ku biyo ni."

Ta kai mu wani wawakeken tsagi a jikin dutsen da suke kira Maƙogwaro. Faɗinsa kamu shida ne kacal, amma in ka leƙa ba ka ganin ƙasa sai farin tururin ruwa. Can hayin ga hanya tana gangarawa, ta ce ita ke haɗuwa da hanyar ayari, kwana arba'in zuwa ƙasarmu.

Na ce, "To ina gadar?"

"Kowace shekara ƙanƙara tana ɓallowa daga sama ta farfasa ta. Mai son fita shi ke tsaga tasa, bana kuwa ba mai fita cikinmu. Za mu koya maka, za mu taya ka ɗauka, amma hannunka ne zai tsaga, kunnenka ne zai gwada. In an shimfiɗa kuma, ba kai za ka fara takawa ba. Wanda ka fi so a duniya shi zai fara." Ta nuna Gwamma da haɓa.

"Haba Inna! Ni na yi aikin, ai ni ya kamata in fara."

"Mutum yana wasa da ransa, mun sha gani. Da ran masoyinsa ne hannunsa ke nutsuwa."

"To a ɗaura mata igiya mana."

"Igiya tana koya wa matsagi sakaci. Mun daina tun zamanin kakata." Ta ɗaga kai ta dubi ƙwanƙolin duwatsun. "Kwana sittin suka rage dusar ƙanƙara ta sauko. In ta sauko, hanya ta rufe wata bakwai."

Gwamma ta lissafa da yatsu. Cikin Yalwa wata biyar, sittin ɗin nan ya kai shi bakwai, ga arba'in na hanya. Ta ce, "Da ƙyar za mu isa, Malam. Ka ji ni? Da ƙyar."

Kashegari aka kai ni ramin da ake haƙo dutsen. Ishalma ta miƙo mini wani guntun dutse da guduma da kurfi, wato ƙarfen tsaga, ta ce in raba shi biyu. Na ga wasu ratsi-ratsi masu haske sun gitta jikinsa, na ce ai ga hanya nan an zana mini. Na ɗora kurfi a kan ratsin na maka da ƙarfina. Guntun ya tarwatse, ɓarɓashi ya fasa mini leɓe. Matsagan da ke wajen, maza da mata, suka yi ta dariya har wani ya faɗi zaune.

Tsohuwar ta ɗauki wani guntun, ta juya shi, ta aza kurfi a gefen da ni ban ga komai ba. Ta ƙwanƙwasa sau uku a hankali, irin yadda mutum ke buga ƙofar surukansa. Dutsen ya buɗe gida biyu, kowace fuska sumul. Ta raba kowane rabi biyu, ta sake, ta sake, har ta jera ganye goma sha shida a gabana, kowanne bai kai kaurin ƙaramin yatsana ba. Ban taɓa ganin hannu mai ladabi irin nata ba.

Ta ce, "Ratsin da ka bi tsohon labari ne. Dutsen nan laka ne a da, a ƙarƙashin wani teku da ya ƙafe. Kowace ambaliya ta kawo tata lakar ta shimfiɗa a kan ta baya, shi ne ratsin. Daga baya manyan duwatsu biyu suka matso juna, suka matse lakar ta gefe, da nauyi da zafi, shekarun da ba mai iya ƙidayawa. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinta duk suka juya suka kwanta gefe ɗaya. Ta tsakaninsu yake buɗewa, ba ruwansa da ratsin."

Laka! Wallahi sai na ji kamar an ce mini ga ɗan garinku a baƙon wuri. Na juya wajen Gwamma na ce, "Kin ji ko? Laka ce. Shekara talatin ina takarta, ni za a koya wa laka?" Ta ce, "Leɓenka na jini."

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce wa Ishalma dutsen da ke buɗewa da bugu uku, yaya zai ɗauki mutum a kan rami? Ta sa aka kawo 'yan ginshiƙai uku, kowanne tsayin damtse. Na farko ganyensa a kwance, na biyu a tsaye, na uku a karkace. Mutum huɗu suka cicciɓo wani ƙaton dutse suka ɗora wa na farko, ko gezau. Suka ɗora wa na biyu, ya riƙe. Na ukun kuwa kafin su gama sakin hannu ya zame ta kan ganyensa, fiit, rabi ya yi gabas rabi yamma.

"Dutse ɗaya ne, daga rami ɗaya," in ji ta. "A kwance ba ka iya masa, a tsaye ma yana nan daram. Ka karkata shi, ko akuya ta fi ƙarfinsa. Ba dutsen ke da ƙarfi ko rauni ba, gefen da ka ba shi kaya ne."

Ta gitta wani falle mai kaurin yatsa biyu a kan duwatsu biyu, ta hau, ta jawo ni na hau. Da ni da ita ya ɗauke mu. Na sauko ina ta shafa shi ina hailala. Na ga marmara, na ga baƙin dutsen niƙa da ke cinye kurfi, amma ban taɓa ganin dutsen da ke buɗe wa mai haƙuri ya kuma ƙi karyewa ga mai nauyi ba sai wannan.

Kwana goma sha takwas tana koya mini. Ta nuna mini cewa yana da jijiya yadda itace ke da ita, dole tsawon gada ya bi jijiyar. Ta hana ni zaɓar mai 'yan idanu rawaya masu ƙyalli, ta ce ba zinariya ba ce, tsatsa ce da ba ta farka ba. A ƙarshe ta koya mini ji. Lafiyayyen falle in ka ƙwanƙwasa yana amsawa da ƙara mai tsawo. Mai ɓoyayyen tsagi a ciki sai ya ce maka ɗuf, gajere.

"Irin wannan yana iya ɗaukar mutum goma yau, gobe ya karye a ƙarƙashin ɗan akuya," in ji ta. "Kada ka ce za ka gwada shi da kaya, kayan gwajin ne ke ƙara masa tsagin. Kunne kawai. Kuma ba mai ƙwanƙwasa dutsen wani, ko da ni ce."

Kwana goma sha huɗu na yi ina yanko gungume mai kamu takwas daga jikin ramin. Ranar da ya rabu, suka lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar gansakuka da fatu. Tsaga shi sai an tayar da shi a gefensa, wannan kuwa aikin mutum goma sha biyu ne, ga shi gari duka zai hau dutse kwana shida don sauko da awaki kafin sanyi. Da za su tafi Ishalma ta ce, "Ka riƙa zuba masa ruwa safe da yamma." Ba ta faɗi dalili ba, don a wurinsu ba wanda bai sani ba. Ni kuma ban tambaya ba, don girman kai.

Suna ba da baya na zauna ina tunani. Ba ita da bakinta ta ce laka ba ce? Wane magini ne ke gini da ɗanyen tubali? Ai sai ya sha rana ya ƙeƙashe yake ƙarfi. Na ce wannan camfinsu ne na mutanen sanyi, ni matata ce za ta taka, ba zan ɗora ta a kan jiƙaƙƙen abu ba. Na yaye fatun, na kwashe gansakukar, na bar shi ga rana da iska.

Gwamma ta ce, "Malam, matar nan cewa ta yi a jiƙa."

Na ce, "Tubali nawa kika taɓa bugawa?"

Da suka dawo, Ishalma ta ɗora tafinta a kan gungumen, ta kara kuncinta, ta daɗe a haka. Ta miƙe ta ce, "Ka kashe shi." Na ce wace irin magana ce wannan, na ɗauko kurfi na aza daidai inda ta koya mini. Kurfin ya yi tsalle. Na sake, ya ɓantare gefe. Na yi ta bugu har gumi ya jiƙa ni, dutsen ya ƙi ko da murmushi.

"Yana fitowa daga rami da ruwansa a jiki," in ji ta. "Da wannan ruwan yake buɗewa. In ya bushe ya rufe bakinsa ke nan, ko ka jefa shi a kogi shekara guda ba zai koma ba. Bayan an tsaga ne ake barinsa ya sha iska."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Gwamma ba ta yi mini gori ba. Cewa kawai ta yi, "Saura kwana ashirin da biyu."

Na koma rami. Tafukana suka fashe, na naɗe su da tsumma na ci gaba. Kwana goma sha huɗu na fitar da gungume na biyu, wannan karon ni da kaina nake jido masa ruwa, ko ƙuda ban yarda ya sauka a kansa ba. Aka tayar da shi, na jera ƙarafan tsaga tun daga wannan kai har wancan, ina bi ina taɓa kowanne kaɗan-kaɗan, in kai ƙarshe in dawo. Wani siririn layi ya fara gudu a gaban hannuna. Can sai na ji ya yi wata ajiyar zuciya, ya buɗe. Fuskar da ta fito shuɗiya ce mai duhu, tana naso, ba idon da ya taɓa ganinta tun da aka halicci duniya sai nawa. Hawaye suka zubo mini, ban kuma ji kunyar kowa ba. Ishalma ta ce, "Hannunka ya fara jin magana."

Kwana huɗu na yi ina gyara gefuna. Ranar gwaji kowa ya ja da baya can nesa, haka al'adarsu take. Gwamma ce kaɗai a kusa, tana zaune a kan wani dutse tana saƙa 'yar hula da gashin akuya don abin da Yalwa za ta haifa. Na ɗauki ƙaramar guduma na fara daga kai, taƙi bayan taƙi. Yana amsawa, yana amsawa, daɗi ya cika ni. Na iso tsakiya, ɗan gefen hagu, na buga.

Ɗuf.

Na yi tari, na matsa gaba na buga, ya amsa da ƙara mai kyau. Na ƙarasa har ƙarshe, ban koma wurin ba. Ishalma ta ɗaga murya daga nesa, "Me ya ce maka?"

Na ce, "Lafiya lau."

Kwana biyu na yi ina ƙarya wa kaina. Na ce kunnena ne, ai gudumar ce ta zame. Na ce wurin bai fi tafin hannu ba a dutse mai kamu takwas. Na ce Gwamma ba ta da nauyi, taku bakwai ne kawai ta wuce. Ƙwanƙolin duwatsu ya riga ya yi fari, ba sauran lokacin yanko wani. Ita kuwa tana ta ɗaure kaya tana 'yan waƙe-waƙenta, ta ninke hular nan ta sa a ƙirji.

Ran na uku da hantsi mutum goma sha biyu suka ɗauki dutsen, aka tura shi a kan mulmulallun duwatsu, aka danne gindinsa, har kansa ya sauka a hayin. Ya zauna daram, gwanin kyau. Gari duka ya taru. Gwamma ta cire takalmanta, don ba a takawa da takalmi. Ta gyara ɗaurin zane, ta yi bisimilla, ta ɗaga ƙafar dama.

"Tsaya!"

Ban san lokacin da na damƙo hannunta ba. Na juya wajen Ishalma na ce, "Inna, ƙarya na yi. A tsakiya, gefen hagu, bai amsa ba."

Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yabe ni. Tsohuwar ta miƙo mini sandar ƙarfe, domin dutsen da mai shi ya tsarga, shi ne zai tura shi da hannunsa. Na zura sandar na banƙara. Aikin kwana ashirin ya sulale ya tafi. Yana faɗawa ya daki bangon Maƙogwaro, ya yi wata ƙara mai tsawo da ta cika kwarin, ya juya ya sake dukan ɗaya bangon, har tururin ya haɗiye shi ban ga ya rabu biyu ba.

Gwamma ta ƙwala ihu. "Ka ji shi? Ka ji ƙararsa? Lafiyarsa ƙalau!" Ta rufe ni da duka a ƙirji da hannu biyu tana kuka. "Ka hana ni 'yata, Malam! Ka hana ni 'yata!"

Na dubi Ishalma ko za ta ce na yi daidai. Ta ce, "Mai yiwuwa da ya ɗauke ta. Ba wanda zai taɓa sani." Kashegari dusar ƙanƙara ta sauko.

Ban taɓa ganin baƙin ciki irin na matar nan a wannan sanyi ba. Ta daina yi mini magana. Da ta lissafa watan Yalwa ya kama, sai ta fara dafa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a garin da ba itace sai busasshen kashin awaki. Ruwan ya tafasa, ta zauna ta tasa shi gaba har ya huce, ta zubar. Kwana arba'in tana haka, matan garin suna kawo mata makamashi ba su tambaye ta komai ba. Sai bayan mun koma gida muka ji lissafinta bai kuskure ba sai da kwana uku. Yalwa ta sha wuya amma ta tashi, ta haifi mace, uwar mijinta ce ta dafa mata ruwan. Ranar da arba'in ɗin ta cika Gwamma ta ajiye akushi a gabana ta ce, "Ga abinci." Ita ce kalmarta ta farko.

Ni kuwa na yi watannin nan a gindin Ishalma, ina tsaga ina ƙwanƙwasawa, har na kai in aka buga falle a bayana ina iya faɗin kaurinsa. Da ƙanƙara ta narke na yanko gungume na uku. Na gwada shi taƙi bayan taƙi, na koma na sake, na juya shi na bi bayansa. Tun daga kai har gindi murya ɗaya yake amsawa.

Aka shimfiɗa shi. Gwamma ta cire takalmi ta taka, ba ta ko dubi ƙasa ba, taku bakwai sai ga ta a hayin. Na bi bayanta da kaya. Mutanen Tulmas suna ta ɗago mana hannu, tsohuwar nan tana tsaye a gabansu da hannunta mai yatsa huɗu. Daɗi ya ɗebe ni, tsohon halina ya motsa, na ce, "Kin ga aikin kunne ko? Ke ba za ki gane ba, amma dutsen nan waƙa yake yi."

Tana sunkuye tana sa takalmi ta ce, "Shekara talatin ina sayen tukunya a kasuwa, ka taɓa ganin na kawo tsagaggiya gida? Na bara ma na ji shi. A tsakiya, ɗan gefen hagu. Har tari ka yi don ka rufe."

Kayan suka suɓuce daga kaina. "Kin ji? Kin ji, kika cire takalmi?"

"Na cire."

"Gwada ni kike yi ke nan, ki ga ko zan yi magana."

Ta ɗago ta dube ni. "Gwajin me? Kwana biyun nan addu'a nake ta yi Allah ya kama bakinka. Yarinyar nan ba ta da wata uwa sai ni."

Na zauna a ƙasa a bakin ramin. Ta ɗauki ƙunshinta ta ɗora a ka, ta zura hannu a ƙirji ta taɓa 'yar hular, wadda ta san ta riga ta yi wa jaririyar kaɗan.

"Tashi, Malam," in ji ta. "Kwana arba'in ne a gabanmu."

Iyakar abin da na gani ke nan. Inda na ƙara, Allah ya yafe mini. Inda na rage, ga Gwamma can cikin gida, ku tambaye ta in za ta gaya muku.